Me ya hana 'yan tawayen Amurka afka wa Boston har wata goma sha ɗaya?

"Assalamu alaikum Malam. Ina karanta tarihin yaƙin neman 'yancin Amurka, sai na iske wai 'yan tawaye sun yi wa garin Boston ƙawanya tun daga Afrilun 1775 har zuwa Maris na 1776, sojojin Ingila na ciki, su suna waje, ana kallon-kallo. Abin ya ɗaure mini kai. In sun fi na ciki yawa, me ya hana su afka wa garin a yi ta ta ƙare? In kuma Ingila ce mai ƙarfin duniya a lokacin, me ya hana sojojinta fitowa su tarwatsa waɗannan manoma? Ko dai tsoro ne ya kama kowa? Allah ya ƙara basira."

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, amin, na gode. Tambayar taka kai biyu gare ta: me ya hana na waje shiga, me kuma ya hana na ciki fita. A taƙaice, na waje ba su da albarushi, rundunarsu kuma tana zagwanyewa a hannunsu. Na ciki sun gwada fitowa sau ɗaya, abin da suka gani ya ishe su. Garin kuwa yana da ƙofa ta biyu wadda 'yan tawaye ba su da ikon rufewa, wato teku, kuma bai faɗi ba sai ranar da suka kai igwa inda za ta iya taɓa jiragen da ke tashar. Tsoro akwai shi, ba a yaƙi babu shi, amma lissafi ya fi shi yawa a zaman nan. Bari mu bi abin daki-daki.

Shimfiɗar garin da yadda aka zo nan

Boston ta wancan zamani ba irin ta yau ba ce, don daga baya an cike bakin ruwan da ƙasa an yi gine-gine a kai. A 1775, ka ɗauka goran ruwa ne aka kwantar a cikin tafki. Cikin goran shi ne gari, wuyansa kuma wani siririn zirin ƙasa ne ta kudu, shi kaɗai ya haɗa garin da tudu, in teku ta cika faɗinsa bai kai mita 50 ba. Janar Thomas Gage, wanda ya haɗa gwamna da shugabancin soja, ya tayar da ganuwa a wuyan nan ya jera igwoyi. Duk wanda zai shiga ta ƙasa sai ya bi ta bakinsu. Amma shi ma na ciki, in zai fito, ta wannan ƙunci zai fito. Sannan akwai tuddai a wuri biyu da ke leƙen garin da tasharsa: na Charlestown ta arewa, a hayin kogin Charles, da na Dorchester ta kudu maso gabas. Ka riƙe waɗannan biyun a ranka, don duk labarin a kansu ya rataya.

Asalin rikicin ka riga ka karanta shi, sai dai in taɓa shi a gurguje. Ingila ta fito daga yaƙinta da Faransa a 1763 da bashi a wuya, ta fara ɗora wa mazauna Amurka haraji, su kuma suka ce ba za su biya abin da ba da wakilansu aka yanke ba. An girke soja a Boston a 1768. Ranar 5 ga Maris, 1770 sojoji suka buɗe wuta a kan taron mutane, biyar suka mutu. A Disambar 1773 mutanen gari suka zubar da akwati 342 na ganyen shayi a teku, shekara mai zuwa aka rufe tashar jiragensu don horo. Ranar 19 ga Afrilu, 1775 Gage ya aika soja wajen 700 zuwa Concord su ƙwace makaman da aka ɓoye. A kan hanyar dawowa aka yi ta harbinsu daga bayan katangun gonaki da itatuwa, 73 suka mutu, wasu wajen 200 suka ji rauni ko suka ɓace.

Ƙawanyar nan ba wanda ya zauna ya tsara ta. Mutanen da suka koro sojojin ne suka biyo su har bakin gari, suka ƙi komawa gida. Labari ya bazu, na ƙauyuka suka yi ta kwararowa daga Massachusetts da Connecticut da New Hampshire da Rhode Island, kafin ka ce kwabo mutum wajen 15,000 sun zagaye garin, alhali sojan da ke hannun Gage wajen 4,000 ne. Kowa da bindigar farautarsa da guzurinsa, kowace ƙungiya da shugaban da ta zaɓa wa kanta. A lokacin ma ba a ayyana 'yanci ba, da yawansu suna ganin da ministocin Sarki suke faɗa, shi Sarki George na Uku in ya ji kukansu zai share musu hawaye.

Ranar da na ciki suka fito

A ƙarshen Mayu ƙarin soja suka iso daga Ingila tare da janar-janar uku, Howe da Clinton da Burgoyne, aka shirya kama tuddan nan biyu. Asiri ya tonu. Daren 16 ga Yuni mutum wajen 1,200 ƙarƙashin Kanar William Prescott suka haura Charlestown da shebur da diga, gari na wayewa aka ga ganuwar ƙasa a kan tudun Breed. Wannan shi ne yaƙin da ake kira na Bunker Hill, da sunan tudun da ke bayansa.

Howe ya ƙetaro da soja sama da 2,000 a cikin kwale-kwale, suka jeru sahu-sahu da jajayen rigunansu, suka nufi tudun a fili ta cikin doguwar ciyawa da shingayen gonaki, a kan zaton manomi ba zai iya tsayawa ya ga wuƙar bakin bindiga tana ƙyalli ba. Na kan tudu suka yi shiru har sai da suka matso ƙwarai, sannan suka saki wuta. Sahun gaba ya zube. Aka ja da baya aka sake hawa, aka sake zubewa. A hawa na uku ne suka ci tudun, shi ma don albarushin masu tsaro ya ƙare, wasu har da duwatsu da gindin bindiga suka yi ta dukan masu haurowa. Likita Joseph Warren, ɗaya daga manyan jagororin tawayen, a nan ya faɗi. Garin Charlestown ya ƙone ƙurmus.

Ingila ta ci tudu, amma da soja 226 matattu da 828 masu rauni, jimilla 1,054, cikinsu hafsoshi da yawa, don an riƙa zaɓarsu ana harbi. 'Yan tawaye sun yi asarar wajen 450. Clinton da kansa ya rubuta cewa wata nasara irin wannan za ta gama da su. Ga amsar rabin tambayarka nan. Kowane sojan da ya faɗi, sai an ɗauko madadinsa daga nisan kilomita wajen 5,000, tafiyar mako shida zuwa takwas a teku, alhali madadin ɗan tawaye yana ƙauye na gaba. Ko da sun fasa ƙawanyar, ina za su? Ba su da isassun dawakai da kekunan ɗaukar kaya, ƙasar kuma ta maƙiya ce ko'ina, an riga an ɗanɗana hanyar Concord. Tun daga bazarar nan manyan hafsoshin suka raja'a a kan cewa Boston ba wurin fara yaƙi ba ne, New York ta fi. Da aka kira Gage gida a Oktoba, Howe ya karɓi ragama, har izinin tashi ya zo masa kafin hunturu, sai dai jiragen da ke hannunsa ba za su kwashe kowa da komai a sahu ɗaya ba. Sai ya zauna jiran bazara. Mutumin da ya tsaya a tsakiyar gawarwakin sojojinsa a tudun Breed, ba ya marmarin sake hawa wani tudu don garin da ya riga ya yi niyyar bari.

Abin da na waje suke ɓoyewa

A tsakiyar Yuni majalisar wakilan yankunan da ke zama a Filadelfiya ta ɗauki wannan taron a matsayin rundunarta, ta naɗa George Washington, mutumin Virginia, ya shugabance ta. Ya karɓi aiki ranar 3 ga Yuli a Cambridge, garin da ke maƙwabtaka da Boston. Da ya nemi lissafin albarushi aka ce masa akwai ganga sama da 300. A farkon Agusta gaskiya ta fito: wannan jimillar duk abin da aka taɓa tarawa ce tun farko, har da wanda aka ƙone a Bunker Hill. Abin da ya rage bai wuce harbi tara ga kowane soja ba. Janar John Sullivan, wanda yake wurin, ya rubuta cewa Washington ya yi rabin awa bai ce uffan ba.

Ka tsaya ka auna wannan. Harbi tara, 'yan mintoci ne a fagen daga. Da Howe ya fito da ƙarfinsa a makon nan, da wuya a iya tare shi. Yankunan Amurka kusan ba sa haɗa albarushi a lokacin, sai wanda aka yi fasa-ƙwaurinsa ta tsibiran Karebiyan daga hannun Faransawa da mutanen Holan. Washington ya rufe maganar a tsakanin 'yan amintattu, ya hana harbin banza, ya sa maƙera suka ƙera masu aka raba wa masu tsaron ramuka. In igwar Ingila ta yi ta ruwan wuta, sau da yawa nasu shiru take yi. Na ciki suna ganin ganuwa mai tsawon kilomita da yawa, ba su san abin da ke bayanta fanko ne ba. Ko a ƙarshen Nuwamba, da wani ƙaramin jirgin 'yan tawaye ƙarƙashin John Manley ya kama jirgin makaman Ingila mai suna Nancy, an sami bindiga 2,000 da duwatsun ƙyastu 100,000, aka yi ta murna a sansani, amma albarushi babu.

Matsala ta biyu ta fi wannan cin rai. Mutanen nan alkawarin 'yan watanni suka yi, na Connecticut wa'adinsu ya cika a farkon Disamba, sauran a ƙarshen wata. Manoma ne da masu sana'a, sun bar mata da yara da gonaki, ga sanyi, ga ƙarancin itace da barguna, ga gudawa da atini a sansani. Da wa'adi ya cika, da yawa suka saɓa bindigoginsu suka kama hanyar gida. Ni ban ga laifinsu ba, sun cika abin da suka ɗauka. Amma an so a sami soja 20,000 na sabuwar shekara, ranar 31 ga Disamba waɗanda suka sa hannu ba su kai 10,000 ba, sai da aka roƙi 'yan sa-kai na ƙauyuka suka zo suka toshe gurabun. A wasiƙarsa ta 4 ga Janairu, 1776 zuwa ga majalisa, Washington ya ce da wuya a sami irin wannan a tarihi: a tsaya wata shida a bakin bindigar abokin gaba ba albarushi, kuma a sallami runduna ɗaya a ɗauki wata a gaban idonsa. A ganina wannan shi ne babban aikin da aka yi a Boston, ya fi duk wani harbi da aka yi.

Akwai abin da ba na son in wuce ban faɗa ba. Baƙaƙen fata sun yi yaƙi a sahun 'yan tawaye tun ranar farko. Salem Poor, wanda ya fanshi kansa daga bauta, ya yi jarumtar da ta sa hafsoshi 14 suka sa hannu a takardar yabonsa bayan Bunker Hill. Duk da haka a Oktoba majalisar yaƙin Washington, wanda shi kansa mai bayi ne, ta yanke a daina ɗaukar baƙaƙe. Ba a sassauta ba sai ƙarshen Disamba, bayan gwamnan Ingila na Virginia, Dunmore, ya yi shelar 'yanta duk bawan ɗan tawaye da ya gudo wurinsa, rundunar kuma tana ƙarancin mutane. Masu kiran 'yanci ne, amma buƙata ce ta buɗe wannan ƙofa. Duk lokacin da na zo nan a karatu, abin yana sosa mini rai.

Cikin gari

Kada ka ɗauka na ciki suna hutawa. Teku ta hana su mutuwa da yunwa, amma ba ta ba su daɗi ba. 'Yan tawaye sun gane tun da wuri cewa shanu da tumaki da ciyawar da ke tsibiran tashar su ne abincin barikin, suka bi su suna kwashewa suna ƙonewa. A ƙarshen Mayu, a faɗan Chelsea Creek, har wani jirgin yaƙin Ingila mai suna Diana suka ƙone. Daga nan soja ya koma cin naman alade mai gishiri da busasshen wake, masu rauni suna mutuwa don rashin abinci mai kyau. Jiragen guzuri da aka aiko daga Ingila da kaka, da yawa iska ta kore su zuwa Karebiyan, wasu aka kama, dabbobin da ke ciki suka mutu a hanya.

Da hunturu ya kama sai aka shiga rushe gidaje da shingaye da tsoffin gine-gine ana hura wuta. An rushe wata tsohuwar majami'a don katakonta. Wata kuma, Old South, inda 'yan gari suka saba taron adawa, aka fitar da kujerunta aka zuba ƙasa aka mai da ita filin koyon hawan doki. Bishiyar da suke taruwa a ƙarƙashinta aka sare ta. Mutanen garin, da suka kai wajen 16,000 kafin rikici, sun ragu ƙasa da rabi. Da farko Gage ya ce duk wanda ya miƙa makaminsa zai iya fita, daga baya ya ƙuntata izinin, don masu goyon bayan Sarki sun ji tsoron in garin ya zama ba kowa sai su, na waje za su cinna masa wuta. Ga agana ta ɓarke. A Nuwamba Howe ya fitar da talakawa wajen 300 ya ajiye a bakin gaɓa, Washington ya sa aka killace su nesa da sansani don gudun cutar.

Hafsoshi kuwa suna kashe dare da wasan kwaikwayo. An ruwaito cewa daren 8 ga Janairu suna cikin kallon wani wasa na yi wa 'yan tawaye ba'a, sai wani saje ya faɗo dandalin yana ihu an kai hari Charlestown. 'Yan kallo suka ɗauka cikin wasan ne, suka yi ta tafi, sai da aka ba da umarni kowa ya koma bakin aikinsa sannan aka watse a guje.

Shin ya kamata a afka?

A nan za ka ji daɗi, don Washington ra'ayinka gare shi. Zaman ya ishe shi, ga majalisa da jama'a suna tambayar me ake jira, shi kuma ba halin ya faɗi dalili kada abokin gaba ya ji. A Satumba ya kawo wa janar-janar ɗinsa shawarar a ƙetara ruwa cikin kwale-kwale, suka ƙi. A Oktoba ya sake, suka ƙi. Ranar 16 ga Fabrairu, da ruwan da ke bayan gari ya daskare, ya ce a taka ƙanƙara a shiga, suka sake ƙi.

Idan ina koyar da wannan babi nakan zana taswirar a allo, in raba aji biyu, wasu na ciki wasu na waje. Kusan kullum na waje cewa suke a afka, tunda sun fi yawa. Sai in rubuta musu abin da ke hannunsu: harbi kaɗan ga kowane mutum, fili fetal na ruwa ko ƙanƙara da za a ƙetare, igwoyi a gaba, sannan faɗa lungu-lungu da sojan da aikinsa ke nan, ku kuwa rabinku jiya suka zo. Daga nan muhawarar takan canja. Wanda ya fi saurin ganewa yakan ce, ashe Bunker Hill za a maimaita, mu ne a ƙasa.

Hukuncina shi ne janar-janar ɗin sun yi daidai. Sabon mayaƙi yana iya abin mamaki in yana bayan ganuwa, amma tafiya a fili cikin wuta ba tare da sahu ya watse ba sai wanda aka daɗe ana horarwa. Kuma asarar ba ɗaya ba ce. In Howe ya rasa Boston, Ingila tana nan. In Washington ya rasa rundunarsa a kan ƙanƙara, babu wata a bayanta. Abin yabonsa shi ne, duk da zafin ransa, ya saurari waɗanda ke ƙarƙashinsa. Su ne ma suka ce a maimakon haka a kama tudun Dorchester.

Igwoyin Ticonderoga

Tudu ba igwa ba shi da amfani, manyan igwoyi kuwa suna can nesa. Tun ranar 10 ga Mayu, 1775 wasu jagororin 'yan tawaye, Ethan Allen da Benedict Arnold, suka ƙwace sansanin Ingila na Ticonderoga a arewacin yankin New York, cike da manyan bindigogi. Wani saurayi ɗan shekara 25 mai sayar da littattafai a Boston, Henry Knox, wanda a cikin littattafan kantinsa ya koyi ilmin igwa, ya ce zai ɗauko su. Ya isa can a farkon Disamba ya zaɓi guda 59, nauyinsu wajen tan 60. Aka ƙetare tafkin George da su a jirage kafin ya daskare, sannan aka ɗora su a kan katakan da ake ja bisa ƙanƙara, dawakai da takarkarai suna ja. A kusa da Albany wata ta fasa ƙanƙarar kogi ta nutse, mutanen gari suka taru aka ciro ta. Aka haura duwatsun Berkshire da igiyoyi. Tafiyar kilomita wajen 480, suka iso a ƙarshen Janairu. Zuwa ƙarshen Fabrairu albarushi ma ya ɗan taru.

Saura matsala ɗaya: ƙasa ta daskare ta yi tauri, diga ba ta cin ta, ganuwar kuma dole a gama ta a dare ɗaya. Wani hafsa, Rufus Putnam, ya kawo dabarar a haɗa ganuwar a wani wuri a ɗauko ta. Aka sassaƙa firam-firam na katako, aka ɗaure dammunan ƙirare da na ciyawa da za a cusa a ciki, aka cika ganguna da ƙasa da duwatsu don a gangaro wa masu hawa. Daren 2 da 3 da 4 ga Maris aka yi ta luguden wuta a kan garin daga wasu ɓangarori don a ɗauke hankali. A dare na uku Janar John Thomas ya haura da mutum wajen 2,000 da kekunan shanu sama da 300, an jera dammunan ciyawa a gefen hanya don a kare su daga ido. A kan tudu farin wata ne, a ƙasa hazo ya rufe, ƙarar igwa ta haɗiye ƙarar kekuna. Safiyar 5 ga Maris, ranar da aka cika shekara shida da harbin 1770, sojojin Ingila suka tashi suka ga ganuwa biyu a kansu.

Suka gwada harbi, igwoyinsu ba su iya ɗaga baki har can ba. Shugaban jiragen yaƙi, Shuldham, ya gaya wa Howe cewa jiragensa ba za su iya zama a tashar ba muddin tudun na hannun 'yan tawaye. Ka ga inda ƙawanyar ta kama a ƙarshe: ƙofar teku, wadda ta ciyar da barikin wata goma sha ɗaya, ta shiga bakin igwa. Howe ya shirya soja wajen 2,400 su kai hari da dare. Washington ma abin da yake so ke nan, don ya tanadi mutum 4,000 da kwale-kwale a kogin Charles su faɗa garin da zarar an fito. Sai guguwa mai ƙarfi ta taso a daren, jirage suka kasa motsi. Kafin ta lafa ganuwar ta ƙara ƙarfi, Howe ya fasa.

Ranar 8 ga Maris dattawan gari suka aiko da takarda cewa Howe ba zai ƙone Boston ba in an bar shi ya tafi lafiya. Washington bai karɓe ta a hukumance ba, don ba sunansa a kai kuma ba sa hannun Howe, amma ya yi aiki da ita. Ranar 17 ga Maris jirage wajen 120 suka tashi da soja wajen 9,000, da matansu da 'ya'yansu, da mutum sama da 1,000 na masu goyon bayan Sarki waɗanda suka bar gidajen da aka haife su a ciki, akasarinsu har abada. Suka nufi Halifax a Kanada. Waɗanda Washington ya fara turawa cikin garin, sojojin da suka taɓa yin agana ne.

Iyakar wannan amsa

Ni malamin tarihi ne, a takarda da taswira na san yaƙi, don haka hukuncina a kan afkawa ka ɗauke shi a matsayin ra'ayin mai karatu. Masana ma sun saɓa a kan nauyin Dorchester. Wasu suna cewa tunda Howe ya riga ya yi niyyar tashi, tudun ya gaggauta abin ne da 'yan makonni kawai. Akwai gaskiya a ciki, amma ni ina ganin tashi da ganin dama daban yake da tashi a gaban bakin igwa, kuma mutanen yankunan sun ga bambancin, wata huɗu kafin su ayyana 'yanci ranar 4 ga Yuli, 1776. Sannan yawancin abin da ya iso mana hafsoshi da masu ilmi ne suka rubuta shi. Matan da suka riƙe gonaki, da bayi, da talakawan da suka kwana da yunwa a cikin gari, muryarsu kaɗan ce a takardun.

Kada kuma ka ɗauki Boston ta zama ma'aunin kowace ƙawanya, ko da yake tambayar ƙofa tana dawowa. A Dien Bien Phu ta Biyetnam ƙofar Faransawa filin jirgin sama ce, igwoyin da mayaƙan Biyetnam suka jawo kan duwatsu suka rufe ta, sansanin ya faɗi ranar 7 ga Mayu, 1954, amma bayan an kai hare-hare masu tsadar rai, don na ciki ba su da hanyar tafiya. A Masawa ta Eritiriya, a Disambar 1977, mayaƙan 'yanci sun yi abin da janar-janar ɗin Washington suka ƙi: sun ƙetara filin gishiri a fili zuwa sansanin sojan Habasha da teku ke bayansa, aka yi musu mummunar ɓarna, garin bai shiga hannunsu ba sai Fabrairun 1990.

Shi kansa Washington bai daɗe yana murna ba. Jiragen da suka kwashe Howe su suka dawo da shi, a bazarar 1776, ƙarin soja suka biyo baya har suka haura 30,000 a bakin New York, garin da ruwa ya ratsa ta ko'ina kuma ba wani tudu ɗaya da zai rufe shi. Ranar 27 ga Agusta aka fatattaki 'yan tawaye a Long Island, da ƙyar Washington ya tsallakar da sauran rundunarsa cikin dare. New York ta zauna a hannun Ingila har ƙarshen yaƙin a 1783. Boston kuwa, sojan Sarki bai sake girkuwa a cikinta ba.